Kujerar da ta Zama Wofi: Tarihin Zaɓen Cike Gurbi daga Faris zuwa Maraɗi

Duk wata kujerar mulki, komai daɗewar wanda ke bisanta, akwai ranar da za ta wayi gari babu kowa. Ko dai mai ita ya riga mu gidan gaskiya, ko ya yi murabus, ko an ɗaga shi zuwa wani muƙami, ko kuwa kotu ta ce tun farko ba shi ne ya ci ta ba. Kakanninmu ba su bar wannan al'amari a hannun sa'a ba. A Katsinar Maraɗi, idan sarki ya rasu, Rukuni ne ke zama, wato Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, su auna ƴaƴan sarauta su fitar da ɗaya; a Gobir kuma wannan aiki na Tara ne. Kowa ya san masu zaɓe, kowa ya san gidan da ake zaɓa daga cikinsa. Da mulkin ƙuri'a ya zo, sai tambayar ta sake kama: idan kujerar wakilin jama'a ta zama wofi kafin wa'adi ya cika, wa ke da hurumin cika ta?

Amsar da ta fi tsufa ita ce a koma wurin masu kujerar, wato masu jefa ƙuri'a na wannan mazaɓa, a sake tambayarsu. Shi ne abin da muke kira zaɓen cike gurbi. Mutane da yawa na raina shi, domin kujera ɗaya ce ko ƴan kaɗan, kuma sau da yawa masu fitowa ba su taka kara sun karya ba. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tarihin Faransa, ƙasar da muka gaji mafi yawan dokokinmu na zaɓe daga gare ta, ya nuna cewa irin wannan ƙaramin zaɓe ya taɓa gina jamhuriya, ya taɓa kayar da shugaban ƙasa, kuma saura ƙiris ya rushe abin da ya gina. Daga wannan tarihi ne za mu gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro hanyar rage shi, hanyar da ta biyo mu har gida.

Jamhuriyar da aka gina kujera bayan kujera

A ranar 8 ga Fabrairu 1871, Faransa ta yi zaɓen majalisar dokoki tana cikin raɗaɗin kashin da ta sha a hannun Jamusawa. Talakawan karkara sun gaji da yaƙi, don haka suka zaɓi masu neman sulhu, waɗanda galibinsu masu son a maido da sarauta ne. Kusan kujeru 400 suka samu, suka zama masu rinjaye. Duk mai hankali a lokacin zai ce jamhuriyar da aka yi shelarta a watan Satumba 1870 ba za ta yi tsawon rai ba.

Sai dai dokar zamanin ta yarda mutum ɗaya ya tsaya takara a larduna da yawa lokaci guda. Adolphe Thiers, wanda majalisar ta ɗora bisa shugabancin gwamnati, an zaɓe shi a larduna 26, alhali kujera ɗaya kawai zai iya zama. Wasu kuma sun yi murabus, cikinsu har da marubuci Victor Hugo. Haka kujeru 114 suka zama wofi, aka kira zaɓen cike gurbi a ranar 2 ga Yuli 1871. A tsakanin watannin nan biyar an sa hannu kan sulhu, tsoron yaƙi ya kau, sai masu ƙuri'a suka faɗi abin da ke zuciyarsu game da irin mulkin da suke so: ƴan jamhuriya suka kwashe kujeru 99. Majalisa ba ta canza hannu ba, amma kowa ya gane cewa rinjayen da ke cikin zaure ba shi ne rinjayen da ke cikin ƙasa ba.

Bayan shekara biyu sai wata kujera ta zama wofi a birnin Faris. Thiers, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa, ya tsayar da amininsa kuma ministansa na harkokin waje, Charles de Rémusat. Masu tsattsauran ra'ayin jamhuriya suka tsayar da Désiré Barodet, tsohon malamin makarantar firamare da aka taɓa kora daga aiki saboda ra'ayinsa, wanda kuma majalisa ba ta daɗe da raba shi da kujerar magajin garin Liyon ba. A ranar 27 ga Afrilu 1873 malamin makaranta ya kayar da minista, da ƙuri'u kusan 180,000 a kan 135,000. Masu son sarauta suka ce Thiers ya kasa tare guguwar masu neman sauyi, kuma a ranar 24 ga Mayu suka tilasta masa sauka, suka ɗora Marshal Mac-Mahon. Kujera ɗaya ta ɗan majalisa ta yi sanadin faɗuwar shugaban ƙasa cikin ƙasa da wata guda.

Duk da haka zaɓukan cike gurbi ba su daina zaizayar rinjayen masu sarauta ba. Mafi yawansu ƴan jamhuriya ne ke ci, a 1874 kuma magoya bayan gidan Napoleon suka fara ɗaga kai da nasarar da suka samu a lardin Nièvre, abin da ya firgita masu sassaucin ra'ayi na ɓangarorin biyu ya tura su ga sasantawa. A ranar 30 ga Janairu 1875, majalisa ta amince da gyaran da Henri Wallon ya gabatar, wanda ya shigar da sunan shugaban jamhuriya cikin dokar ƙasa, da ƙuri'a 353 a kan 352. Mai karatu ya lura da wannan tazara ta ƙuri'a ɗaya tak. Da ba don kujerun da aka yi ta tsinta ɗaya bayan ɗaya tun daga 1871 ba, da lissafin bai kai ba.

Ranar da makamin ya juyo

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Janar Georges Boulanger, ministan yaƙi daga 1886 zuwa 1887, ya yi farin jini wajen masu son ramuwar gayya kan Jamus da duk waɗanda suka ƙosa da rigingimun majalisa. Da aka sallame shi daga soja a watan Maris 1888, sai ya mayar da zaɓen cike gurbi tsani. Duk inda kujera ta zama wofi sai ya tsaya, idan ya ci ya yi murabus ko ya bar ta, ya jira wata. A ranar 19 ga Agusta 1888 ya ci larduna uku rana ɗaya. Abin da ya taimake shi shi ne tsarin da aka kafa a 1885, wanda ya mayar da kowane lardi mazaɓa guda: rasuwar ɗan majalisa ɗaya ta isa a kira dubban ɗaruruwan mutane rumfar zaɓe. Ta haka kowane cike gurbi ya zama kamar ƙuri'ar raba gardama a kan mutum ɗaya.

A ranar 27 ga Janairu 1889 ya ci Faris kanta, da ƙuri'u kusan 245,000 a kan 162,000. An ruwaito cewa a daren magoya bayansa sun matsa masa ya nufi fadar shugaban ƙasa ya karɓi mulki, ya ƙi. Gwamnati kuwa ba ta tsaya jira ba. A watan Fabrairu ta komar da zaɓe ga ƙananan mazaɓu, a watan Yuli ta haramta tsayawa takara a wuri fiye da ɗaya, a tsakani kuma Boulanger ya tsere zuwa Beljiyam don gudun kamu, inda ya kashe kansa a 1891. Abin lura shi ne ƴan jamhuriya ba su soke zaɓen cike gurbi ba. Ƙofofin da aka bi aka yi wasa da shi suka toshe.

Yuni 1948: darasin da ya faru a gidanmu

Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan zaɓe tun kafin ƴancin kai. A watan Nuwamba 1946 ƙasar ta samu kujera ɗaya a majalisar dokokin Faransa, Hamani Diori na jam'iyyar PPN ya ci ta. Jam'iyyarsa ta shiga ƙawancen RDA, wanda a lokacin yake tafiya da ƴan kwaminis a majalisar Faris, kuma wannan bai yi wa hukumar mulkin mallaka daɗi ba, musamman bayan an fitar da ƴan kwaminis daga gwamnatin Faransa a watan Mayu 1947. Da aka ƙara wa Nijar kujera ta biyu, sai aka shirya zaɓe na musamman domin cika ta a watan Yuni 1948.

Ƴan makonni kafin zaɓen, a garin Maraɗi aka kafa sabuwar jam'iyya mai suna UNIS, wadda ta tattaro sarakunan gargajiya da masu ganin PPN ta ƴan yammacin ƙasa ce, tare da goyon bayan hukumar Gwamna Jean Toby. Ɗan takararta, Georges Condat, haifaffen Maraɗi, shi ya ci kujerar. A zamanin ba kowa ke da ƴancin jefa ƙuri'a ba, sai wasu rukunan mutane ƙalilan, domin ƙuri'ar kowa da kowa sai a 1956 ta zo. Inda masu zaɓe ba su da yawa, kuma kumandan da sarki suka karkata ga ɓangare ɗaya, ba wuya a san inda sikeli zai rinjaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a babban zaɓen 1951 UNIS ta kwashe kujerun biyu, Diori ya rasa tasa, bai koma majalisar ba sai 1956. A Faris zaɓen cike gurbi ya kasance bakin da jama'a suka yi wa masu mulki magana da shi. A Nijar ta 1948 masu mulki ne suka gwada ƙarfinsu da shi. Bambancin bai zo daga irin zaɓen ba, ya zo ne daga wanda ke riƙe da akwati da rajista.

Mai jiran gado

Tsarin mulkin Faransa na 1958, wanda Janar de Gaulle ya jagoranta, ya hana mutum ya haɗa kujerar minista da ta majalisa. Da an bar tsohuwar hanya, duk lokacin da aka kafa gwamnati sai an buɗe mazaɓu masu yawa, kowace ta zama filin da za a auna farin jinin sabuwar gwamnatin. Don haka aka fito da dabarar da Faransawa ke kira suppléant, mu kuwa mu ce mai jiran gado: kowane ɗan takara ya zo da na bayansa, a zaɓe su da ƙuri'a ɗaya, idan na gaba ya rasu ko ya zama minista na baya ya hau. Zaɓen cike gurbi bai mutu ba, ya saura ga wasu halaye kamar soke sakamako ko murabus na ganin dama, amma an rage masa fili sosai.

Wannan dabara ce dokokin zaɓen Nijar suka ɗauka a zamanin jam'iyyu da yawa da ya biyo bayan Taron Ƙasa na 1991. Tana da amfanin da ba a musu. Ƙasa mai faɗi irin tamu, wadda a ƙarƙashin waɗancan dokoki mazaɓunta na majalisa galibi suka kasance jahohi sukutum, ba za ta iya ɗaukar kuɗin kiran jahar Damagaram ko ta Tawa rumfar zaɓe duk ranar da ɗan majalisa ɗaya ya rasu ba. Kuma labarin Boulanger ya nuna haɗarin kiran babbar mazaɓa saboda kujera ɗaya. Sai dai akwai abin da aka biya. A ranar kamfe idon jama'a na kan na gaba, shi ake yi wa kirari, hotonsa ke bango. Na baya kuwa sau da yawa a ɗakin shugabannin jam'iyya aka tsayar da shi, don daidaita dangi ko gari ko masu hannu da shuni. Idan na gaba ya tafi gwamnati wata biyu bayan zaɓe, wanda zai yi shekaru yana magana da sunan jama'a shi ne wanda da yawansu ba su riƙe sunansa ba. Doka ta ce an zaɓe shi, kuma gaskiya ne; amma zaɓen da aka yi da sani daban yake da wanda aka yi da sunan wani.

Akwai kuma hanya ta uku, wato naɗi, wadda ita ma tarihinmu ya san ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da tsarin mulki, majalisar dokoki ta daina aiki, a watan Afrilu 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, aka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa. Ko wane irin tsari ƙasar ta shimfiɗa wa kanta nan gaba, tambayar kujerar da ta zama wofi za ta dawo, kuma yawanci a wani ɗan sashe na dokar zaɓe ake rubuta amsarta, sashen da ba a cika karantawa ba.

Saboda haka ya dace mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu mu sa wannan babi cikin abin da muke koyarwa. Idan muna bayanin dokar zaɓe ga ɗalibai, mu kai su ga tambayoyi uku: wa ke tabbatar da cewa kujera ta zama wofi, wa ke cika ta, kuma cikin kwana nawa? Kakanninmu sun san sunayen ƴan Rukuni tun sarki na da ransa, kuma sun san ƴaƴan sarkin da ke jiran gado. Bai kamata jikokinsu su jefa ƙuri'a ba tare da sun tambayi sunan na baya da halinsa ba.