Shirin UPE na 1976 da Dawowar Kuɗin Makaranta

A watan Satumba na shekarar 1976 ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka sani da UPE. A lokacin Jihar Yamma ta riga ta yi nisa, domin tun 1955 gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta soke kuɗin makarantar firamare. A Arewa kuwa makarantun En'e ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan garuruwa suke.

An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, amma kimanin miliyan 3 suka zo. Azuzuwa suka yi kaɗan, wasu yaran suka yi karatu a gindin bishiya, aka horar da malamai cikin gaggawa. Tsarin mulki na 1979 ya ɗora nauyin firamare a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Da kuɗin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai kuɗin makaranta ya dawo da sababbin sunaye: kuɗin alli, kuɗin benci, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Manomin da ya kasa biya, 'ya mace yake fara janyewa.