Musayar Samfurin Gini Tsakanin Manhajojin Zane

A yau mafi yawan gine-ginen da hukuma ke bayar da kwangilarsu, kama daga ajujuwan firamare har zuwa ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa, a kwamfuta ake zana su. Sai dai ba manhaja ɗaya kowa ke aiki da ita ba. Mai zanen gini yana da tasa, injiniyan da zai lissafa rodi da kankare yana da tasa, haka ma mai ƙididdigar kayan aiki. Mun shirya wannan bayani ne domin jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi da kwamitocin raya ƙauyuka su san abin da ke faruwa da zane idan ya tashi daga wata manhaja zuwa wata.

Manhajojin iri biyu ne. Na farko su ne masu ja layi, kamar AutoCAD wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a shekarar 1982. A wajenta bango layuka biyu ne kawai a jere, mai kallo ne ke fahimtar cewa bango ake nufi. Fayil ɗinta shi ake kira DWG, akwai kuma DXF da kamfanin ya tanada domin wasu manhajoji su iya karantawa. Na biyu su ne masu haɗa samfurin ginin gaba ɗaya, tsarin da ake kira BIM, irin su ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary, da Revit wadda ta fito a shekarar 2000, Autodesk ya saye ta a 2002. A cikin waɗannan, kowane bango yana ɗauke da bayaninsa: tsawo, kauri, ko bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, da ƙofa ko tagar da ke jikinsa. Daga nan ake fitar da ƙididdigar kayan gini.

Wannan bayani shi ne ke salwanta a wajen musaya. Idan aka mayar da samfurin Revit zuwa DWG, siffar ginin za ta fito, amma bangon ya koma layi, sai mai ƙididdiga ya sake auna komai da hannu. Har ila yau, fayil ɗin da aka ajiye da Revit ta bana ba ya buɗuwa a ta bara, kuma tun shekarar 2016 Autodesk ya daina sayar da sabon lasisi na dindindin, sai dai haya. Ofishin da ya karɓi zane a irin wannan fayil kaɗai, ranar da ya rabu da ɗan kwangila yana iya rasa hanyar buɗe zanen ginin da shi ya biya kuɗinsa.

Domin magance haka aka samar da IFC, wato tsarin fayil wanda ba mallakar wani kamfani ba ne. An faro aikinsa a shekarar 1994 da haɗin gwiwar kamfanoni 12 na Amurka, ƙungiyar da daga baya ta zama buildingSMART. An fitar da IFC2x3 a 2006, sai IFC4 a 2013, wanda Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta amince da shi a ƙarƙashin lamba ISO 16739. Na baya-bayan nan, IFC4.3, ya haɗa da hanyoyi da gadoji da layin dogo. A cikin IFC bango yana nan a matsayin bango, ƙofa a matsayin ƙofa, kowanne da lambar shaidarsa. Hukumar kula da gine-ginen gwamnati ta ƙasar Finland ta fara neman irin wannan fayil a ayyukanta tun 2007.

Duk da haka IFC bai warware komai ba. A ganinmu ya fi amfani wajen dubawa da ƙididdiga da adanawa fiye da gyara. Matakalar bene ko rufi mai sarƙaƙiya sukan iso ɗaya manhajar a sandare, ana ganinsu amma ba sa karɓar canji cikin sauƙi.

Kuskuren da ya fi saurin jawo asara shi ne na ma'auni. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka idan an yi zane da milimita aka buɗe shi da inci, ginin zai kumbura fiye da sau 25. Wannan kowa zai gani. Wanda ke ɓoyuwa shi ne idan wuraren da zanen mai gini da na injiniya suka fara awo ba su zo ɗaya ba, sai ginshiƙi ya faɗo a tsakiyar ƙofa, ba a lura ba sai an zuba kankare.

Muna ba jami'ai shawarar su rubuta a takardar kwangila cewa za a miƙa zane a fayil na asali, da IFC, da kuma PDF mai ɗauke da hatimin mai zane da ke da rajista da ARCON da na injiniya mai rajista da COREN, tare da sunan manhajar da shekararta. Kafin a sa hannu a karɓa, a buɗe fayil ɗin IFC a wata kwamfuta dabam, akwai manhajojin kyauta irin su FreeCAD da ke yin haka, a auna bango ɗaya da faɗin ƙofa ɗaya, a gwada da abin da ke kan takarda.