Wa ke share ɗaki bayan tafiyar baƙo? Tarihin fayilolin wucin-gadi

A cikin kowace babbar kwamfuta akwai manhajojin da ido ba ya gani. Suna aiki a bayan fage dare da rana, wata tana karɓar wasiƙun imel, wata tana kula da rumbun bayanai. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka ne suka laƙaba musu suna "daemon" a 1963, kuma tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Bell Labs a 1969, ya gaji sunan. Irin wannan manhaja takan ƙirƙiri ƙananan fayiloli yayin aiki: wasu na ajiyar ɗan lokaci a ma'ajiyar /tmp, wani kuma mai ɗauke da lambar shaidarta, don sanar da cewa tana raye. Tambayar da aka kwashe shekaru sama da arba'in ana fama da ita ita ce: idan ta tsaya, wa zai kwashe su?

Amsar farko ita ce: ita kanta. A bugu na bakwai na Unix, wanda ya fito a 1979, akwai saƙonni biyu na tsayar da manhaja. SIGTERM, mai lamba 15, roƙo ne. Manhajar tana iya jin sa, ta tattara komatsanta, ta goge fayilolinta, ta fita. SIGKILL, mai lamba 9, yankan ƙauna ne, ba a tare shi, ba a jinkirta shi. Ƙa'idar harshen C ta 1989 ta ƙara da atexit, hanyar jera ayyukan da za a yi kafin fita.

Duk wannan ya dogara ne ga rabuwa cikin lumana, alhali mutuwa ba ta sallama. Idan wuta ta ɗauke, ko manhajar ta faɗi, ko aka aika mata lamba 9, fayilolin sukan zauna. Illar kuwa ba ƙarama ba ce. Shara takan cika faifai har aiki ya tsaya. Mafi muni shi ne fayil ɗin shaida, domin tsarin yakan sake raba lambobin da suka zama fanko. Sai sabuwar manhaja ta ga tsohon fayil, ta ɗauka 'yar'uwarta na nan, ta ƙi tashi. Ko kuma a aika umarnin kisa ga wata da ta gaji lambar, wadda ba ta ji ba ta gani ba.

Amsa ta biyu dabara ce da Unix ta daɗe da bayarwa: a buɗe fayil, nan take a goge sunansa. Bayanan suna nan muddin manhajar na riƙe da shi, da zarar ta mutu kuwa, tsarin da kansa zai karɓe wurin. A 2013 Linux 3.11 ta kawo O_TMPFILE, wanda ke ƙirƙirar fayil marar suna tun farko.

Amsa ta uku ta mayar da nauyin kan mai kula. A 2003 George Candea da Armando Fox suka wallafa maƙalar da ta ba da hujjar cewa a gina manhaja yadda faɗuwa ba za ta cutar da ita ba, ta gyara komai lokacin tashi. A 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, mai tayar da manhajojin bayan fage yana kuma tsayar da su. A 2011 aka soma amfani da ma'ajiyar /run, wadda ke zaune a ƙwaƙwalwar wucin-gadi, saboda haka duk abin da ke cikinta yakan ɓace idan na'ura ta mutu. Yau systemd yakan ware wa manhaja ɗakinta a can, ya aika mata SIGTERM, ya jira daƙiƙa 90, in ta ƙi fita ya kashe ta, sannan ya share ɗakin da kansa.

Har yanzu ana koya wa masu rubuta manhaja su yi shara kafin fita, domin ladabi ne mai amfani. Sai dai injiniyoyi sun daina jingina lafiyar na'ura a kan wannan ladabi. Sun damƙa tsintsiyar ga wanda zai rage bayan baƙon ya tafi.