Cibiyar SGC: Inda Abokan Hamayya Suka Haɗa Kai Don Neman Magani

A shekarar 2003 masana suka kammala karanta kundin halittar ɗan'adam, amma wannan bai isa a haɗa magani ba. Yawancin magunguna suna aiki ne ta hanyar maƙalewa a jikin wani furotin, don haka tilas mai haɗa magani ya san siffar furotin ɗin ciki da waje. Gano siffa ɗaya kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Ga shi kuma kowane kamfani a ɓoye yake yin nasa, ana ta maimaita aiki ɗaya, kuɗi na zurarewa.

Wannan asara ce ta haifar da cibiyar Structural Genomics Consortium, wadda aka fi sani da SGC. Ta fara aiki a 2004 a Jami'ar Oxford ta Ingila da Jami'ar Toronto ta Kanada, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Aled Edwards. Gidauniyar Wellcome Trust da kamfanin GlaxoSmithKline da hukumomin Kanada ne suka zuba kuɗin farko. A 2005 Cibiyar Karolinska ta Suwidin ta shigo.

Sharaɗin da aka kafa ta a kai shi ne ƙashin bayanta: ba za ta yi rajistar mallakar duk abin da ta gano ba. Kamfanoni na ba da kuɗi, suna kuma da bakin magana wajen zaɓen furotin ɗin da za a bincika, amma sakamakon na kowa ne. Ana zuba shi a rumbun Protein Data Bank, inda ɗalibi da babban kamfani ke ɗiba kyauta. Sannu a hankali Novartis da Merck da Pfizer da Bayer suka shigo, domin sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2010 aka ga amfanin tsarin a fili. Masu binciken SGC da tawagar James Bradner ta Cibiyar Dana-Farber a Amurka suka wallafa sinadarin JQ1, suka riƙa aika shi kyauta ga ɗakunan bincike. Cikin 'yan shekaru kamfanoni da dama suka kai magungunan cutar daji masu irin aikinsa ga gwaji a jikin majiyyata.

Daga baya SGC ta buɗe rassa har a Jamus da Amurka da Brazil, kuma ta sa wa kanta burin ganin an samar wa kowane furotin na ɗan'adam sinadarin bincikensa kafin 2035. Tarihinta ya tabbatar da cewa in aka buɗe ilimin tushe ga kowa, gasar kamfanoni takan koma inda take amfanar majiyyaci, wato wajen fitar da maganin kansa.