Daga Garwa Zuwa Jarka: Waiwaye Kan Zuba Mai a Dutsen Alhaji

Dutsen Alhaji gari ne a gefen Abuja da ke cin abinci da ƙananan injina. Mai aski, mai cajin waya, mai walda, mai faci, mai injin markaɗe a bakin kasuwa, kowa da injinsa mai shan fetur, kuma babu injin da ke zuwa gidan mai da ƙafarsa kamar mota. Dole a ɗebo man a wani mazubi, a kawo shi, a juye. Tsakanin bakin jarka da bakin tanki bai kai kamu ɗaya ba, amma a wannan ɗan tsakani ake asarar kuɗi, wani lokaci har da shago da rai.

Kafin jarka, garwa aka sani. Tun zamanin Turawa kananzir ke shigowa ƙasar Hausa cikin garwar ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai cin galan 4, wato kimanin lita 18. Masu sayar da shi don fitilar ƙwai da aci-balbal sun san ba a huda garwa wuri ɗaya. Ana huda kusurwar da mai zai fita, sannan a yi wata 'yar huda a ɗaya kusurwar, domin iska ta shiga ta cike gurbin abin da ya fita. In ba haka ba, sai man ya riƙa zuwa yana tsayawa, yana ɓulɓul, yana fantsama. Da mazurarin gwangwani da kwalba ake awo, in garwa ta ƙare kuma ta koma hannun masu sayar da ruwa, su rataya biyu a sanda.

Irin wannan garwa sojojin Ingila suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu da ita, ta kuwa ba su kunya a hamadar Arewacin Afirka, don da mota ta jijjiga ta sai ta tsage, fetur ya tsiyaye a rairayi. Jamusawa su tun 1937 suka ƙera tasu jarkar ƙarfe mai cin lita 20. Mariƙinta uku, yadda mutum ɗaya zai ɗauka ko biyu su kama tare. An bar fili a samanta don mai ya samu wurin kumbura idan ya ji zafi, kuma a cikin bakinta akwai siririn bututu da iska ke bi ta koma ciki, sai man ya fito sumul. Da Ingilishi suka kama wasu a fagen fama suka ga aikinsu, sai suka kwaikwaya, Amurkawa ma suka bi sahu. Ke nan matsalar fantsamar mai an warware ta tun kafin a yi mafarkin gina Abuja.

Shekarar 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke babban birnin tarayya a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu, ranar 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta tare. Wanda hayar Garki da Wuse ta fi ƙarfinsa sai ya gangaro Kubwa, ko ya bi hanyar Bwari ya sauka Dutse. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, sun ƙara turo jama'a waɗannan garuruwa na gefe. Gidaje suka hau duwatsu, shaguna suka cika bakin titi, wutar lantarki kuwa ba ta bi su da irin wannan sauri ba. NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 AEDC ta karɓi rabon wuta, amma ɗauke wutar bai sauya suna ba.

Wannan giɓi ne ƙaramin janareto ya cike, musamman ɗan Tiger nan da ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina". Tankinsa kusan lita 4 yake ci, kuma sai an gauraya masa fetur da baƙin mai. Ƙirarsa ita ce abin lura: tankin na zaune ne daidai kan injin, salansa na gefe. Duk ɗigon da ya kauce wa bakin tanki, kan ƙarfe mai zafi zai gangara. A 2015 hukumar kwastan ta sanar da hana shigo da irinsa saboda hayaƙinsa, amma bai bar unguwa ba.

Abin mamaki, a daidai lokacin da injina suka yawaita ne mazubin mai ya koma baya. Ba jarkar Jamus ta mamaye gari ba, jarkar roba ce mai ruwan ɗorawa, mai cin lita 25, wadda aka yi ta don man girki, irin wadda masu kura ke jerawa suna tallar ruwa. Bakinta ɗaya, ba ta da hudar iska, in ta cika kuma da ƙyar mutum ɗaya yake karkata ta. Hikimar da mai kananzir ya sani da ƙusa ɗaya, ita aka rasa.

Sai mutane suka koma ƙirƙiro dabaru. Wani ya yanke gindin gorar ruwa, ya kifa wuyanta a bakin tanki, ta zama mazurari. Wani ya ɗora jarka kan benci, ya zura tiyo, ya zuƙa da baki, ya tofar da kurɓin farko, alhali kuwa fetur in ya bi ta huhu illarsa ba ƙarama ba ce. Waɗanda suka goge sun gano cewa in aka juya jarka bakinta ya koma sama yayin karkatawa, aka zuba a hankali ba tare da mai ya toshe bakin duka ba, iska na samun hanya, ɓulɓul ɗin ya tsaya. Wasu kuma sukan fara ragewa a ƙaramin galan na lita 4 ko 5, wanda hannu ɗaya ke sarrafawa. Babu wanda ya kai 'yan bumburutu ƙwarewa a nan. Ka ga yaro a bakin titi ya danne mazurari da yatsa, ya ɗaga galan, ya sassauta kafin ƙarshe, ya girgiza ɗigon da ya rage, ko tafin hannunsa bai jiƙe ba. Ribarsa a cikin wannan ɗigon take.

Hukuma ita ba ta dubi zubawa ba, jarkar ta sa wa ido. Duk lokacin da aka shiga ƙarancin mai sai a hana gidajen mai sayarwa a jarka don a karya bumburutu, sai ka ga mai shago ya kwance tankin janareto, ko ya ɗora injin ɗungurungum a kan babur ya shiga layi. Amurka ta bi wata hanya: daga 2009 doka ta tilasta a riƙa yin jarkar fetur mai bakin da ke rufe kansa. Sai dai yawancinsu sun fito ba hudar iska ta daban, masu injin yankan ciyawa suka yi ta ƙorafin cewa sababbin sun fi tsofaffin zubar da mai.

A Dutse, malamin da ya fi kowa tasiri shi ne farashi. Lokacin da lita ke naira 65, ko 97 bayan zanga-zangar Janairun 2012, ko 145 a 2016, in mai ya malala a ƙasa sai a watsa yashi a wuce. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta kai naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja, a Oktoban 2024 ta haura 1,000. Daga nan aka fara jin maigida na ce wa yaron shago: "Kai, a hankali! Ka san nawa na sayo shi?" Mazurari na gaske ya samu kasuwa, aka koyi tsayawa kafin tanki ya cika maƙil. Wasu suka mayar da injinsu mai aiki da tukunyar gas, masu cajin waya da dama suka koma sola.

Sai dai tsada tattalin ɗigo ta koya mana, ba na tururi ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ba a gani, ya je ya tarar da murhun mai shayi ko tartsatsin wayar wuta. Ranar 18 ga Janairu 2025, a mararrabar Dikko kusa da Suleja, tankar mai ta faɗi, aka kunna janareto don a juye man cikin wata motar, jama'a kuma suka taru da jarkoki. Wutar da ta tashi ta ci mutane fiye da 80. Watanni uku kafin nan, a Majiya ta Jigawa, fiye da 150 suka rasu a irin wannan ɗiba.

Abin da ya faru a Dikko shi ke faruwa a ƙaramin ma'auni duk daren da mai aski ya ga injinsa na shirin mutuwa, ga kan mutum rabi a aske, ya buɗe tanki ya zuba injin na ruri. Mazurari ba ya maganin wannan. Maganinsa a kashe inji, a ba shi mintoci ya huce, a fitar da shi fili, a sauke jarka nesa da wuta, a goge abin da ya zuba kafin a ja igiya. Duk cikin waɗannan babu na kuɗi, haƙuri kawai suke ci. Mai jiran aski zai yi tsaki, wataƙila gobe ya tafi wani shagon. Maigidan da ya iya ce masa "Yallaɓai, a yi mana haƙuri inji ya sha iska" shi ya fi cancanta a kai masa yaro koyon sana'a.