Sana'o'in gado na Wurno, Rabah da Goronyo

Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo suna gabashin Jihar Sakkwato. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato kuma ya bi ta Rabah. Abincin jama'ar yankin ya dogara ga noma, su da kiwo, waɗanda yaro kan koya a gida tun yana ƙarami.

Asali

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mai da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, kuma a nan ya rasu a 1837. Ya ƙarfafa wa makiyaya su zauna wuri ɗaya su haɗa kiwo da noma, ya kuma jawo masu sana'ar hannu cikin irin waɗannan garuruwa, domin mai tsaron iyaka ya iya ciyar da kansa. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin garin a 1934.

Noma

Da damina akan shuka gero, dawa da wake a tudu, shinkafa kuma a fadama. Idan ruwa ya janye, hunturu ya kama, sai a koma noman rani: albasa, tafarnuwa, alkama da tumatir. A da, da jigo ake ban ruwa. Yanzu injin ban ruwa ya maye gurbinsa, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Hatsi yakan shiga rumbu, albasa kuma a jera ta a rudu inda iska ke ratsawa, har kasuwa ta yi kyau.

Su da kiwo

Masunta na aiki da koma, taru, birgi da gora, a ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Makiyaya kan sauka a gonaki bayan girbi, dabbobi su ci kara, gona ta sami taki. Mata ke riƙe da sussuka, shiƙa, surfe, gumin shinkafa da kaɗa nono don fitar da man shanu.

Halin da ake ciki

Ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, hare-haren 'yan bindiga kuma sun raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu a shekarun baya-bayan nan. Idan iyali suka yi hijira zuwa birni, koyon yakan yanke, domin a bakin aiki ake ɗaukarsa. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da dangi a yankin, ziyarar Asabar da Lahadi a lokacin kaka kan ba yara damar riƙe lauje da taɓarya a gaban masu sani, muddin an tuntuɓi mutanen gari kan lafiyar hanya kafin a tashi.