Keso: Lissafin Lambar 20,000

Keso shi ne sunan da Hausawan dā suka ba wuri 20,000, wato zambar ashirin, da ake ɗinkewa cikin jakar tabarma guda. Da shi ake ƙidayar manyan kuɗi a kasuwannin Kano da Katsina da Kazaure kafin zuwan sulallan Turawa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa guda. Ke nan keso ɗaya dala takwas ne.

A fannin lissafi, 20,000 lamba ce mai rabuwa biyu, kuma tubalanta biyu ne kacal: 2 da 5. Idan aka ruɓanya 2 a kanta sau biyar za a sami 32, 5 kuma sau huɗu ta ba da 625, sannan 32 sau 625 su ne 20,000. Daga nan ake gane cewa lambobi 30 ne ke raba ta ba tare da saura ba, ciki har da 1 da ita kanta.

Wannan ya yi wa 'yan kasuwa daɗi ƙwarai. Biyar-biyar ake ƙirga wuri, ashirin a kira shi hauya, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, kuma duk waɗannan suna shiga cikin keso cif-cif: hauya 1,000, ko tsibin ɗari biyu guda 100.

Inda keso ke gazawa shi ne wajen 3. A rabon gado, nusufinsa 10,000 ne, rubu'i 5,000, sumuni 2,500, duk lafiya lau. Amma sulusi 6,666 ne da ragowar wuri biyu, sudusi kuwa 3,333 da ragowar biyu. Wuri ba ya tsaguwa, don haka dole masu rabo su san yadda za su yi da 'yan biyun nan.

Tun zamanin Nikomakus, masanin lissafi na Girka, ake kasa lambobi gida uku gwargwadon jimlar masu raba su: kammalalliya, mai naƙasu, da mai yalwa, wadda Larabawa ke kira za'id. Masu raba 20,000, ban da ita kanta, jimlarsu 29,203 ce, ta zarce lambar, saboda haka mai yalwa ce.

Babu cikakkiyar lamba da za a ruɓanya a kanta ta ba da 20,000, domin 141 sau 141 na ba da 19,881, 142 sau 142 kuwa 20,164. Sai dai ana samun ta ta hanyar haɗa irin wannan ruɓanyawa guda biyu, har ta hanyoyi uku: 100 da 100, 20 da 140, sai 68 da 124.